Abin da ya kamata ɗalibin sa barci ya iya a ɗakin haihuwa da ɗakin tiyatar zuciya

Makarantun da ke horar da nas masu ba da maganin sa barci sukan ba ɗalibi littafin da zai riƙa cikewa: tiyatar zuciya nawa ya tsaya a kai, mata nawa ya yi wa allurar baya. A Amurka sai ya cika awa 2,000 a asibiti kafin a yaye shi. Ƙidayar tana da amfaninta, amma ba ta nuna gwaninta. A ganinmu, abin da malami zai auna a ɗakunan nan biyu shi ne ko ɗalibi ya san lokacin da awon jini zai faɗi tun bai faɗi ba, kuma maganin yana cikin sirinji a hannunsa.

A ɗakin haihuwa darasin farko kwanciya ce. Daga mako na 20, idan mai ciki ta kwanta rigingine, mahaifa tana danne manyan jijiyoyin da ke bayanta, jinin da ke komawa zuciya ya ragu. Shi ya sa ake karkatar da gado hagu kamar digiri 15, ko a ture cikin da hannu. Ɗalibin da sai an tuna masa wannan, da sauransa.

Allurar baya don fiɗa ana yin ta tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya masu lamba L3 da L4, domin laka takan ƙare wajen L1 ko L2 a jikin baligi. Abin da aka saba ba wa mace shi ne maganin kashe jiki bufibaken mai nauyi, miligiram 10 zuwa 12, da maganin ciwo fentanil maikrogiram 10 zuwa 15. Kafin likita ya sa wuƙa, a gwada da abu mai sanyi a tabbatar kashewar ta hau har T4, daidai kan nono. Shigar allura ba ita ce ƙarshen aiki ba, nan ma aikin ya fara. Jijiyoyi sun saki, awon jini zai sauka, don haka ana awo kowane minti ɗaya har a ciro jariri. Idan ta ce zuciyarta na tashi, a fara duba awon jini kafin a nemi maganin amai, domin sau da yawa alamar farko ke nan. Don ɗaga awon jinin, fenilefrin maikrogiram 50 zuwa 100 ake bayarwa. Idan bugun zuciya ya yi ƙasa, efedrin miligiram 5 zuwa 10 ya fi dacewa. A riƙa sa ta matse hannun mai aiki. Yatsun da suka mutu da muryar da ta koma raɗa suna nufin maganin ya hau sama da yawa, sai a shirya taimakon numfashi.

In dole sai an sa ta barci gaba ɗaya, lokaci kaɗan ne. Iskar da ke saura a huhunta ta ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, buƙatar jikinta kuma ta ƙaru, maƙogwaro ya kumbura, ga haɗarin abin ciki ya tsallaka huhu. A cika ta da oksijin tukuna, a tanadi ƙaramin bututun numfashi mai lamba 6.0 zuwa 7.0, a kuma san abin da za a yi idan ya ƙi shiga.

Sai zubar jini. Mahaifar da ciki ya tsufa tana karɓar kimanin mililita 700 na jini a minti ɗaya, kuma mace mai ƙuruciya takan riƙe awonta daidai har ta zubar da mai yawa, sannan ta faɗi lokaci guda. Oksitosin, maganin da ke matse mahaifa, a hankali ake tura shi, domin da sauri yana kayar da jini ya tayar da bugun zuciya. Cikin sauran magungunan matse mahaifa, ba a ba mai hawan jini ergometrin, ba a ba mai asma karboprost. Taraneksamik asid, maganin rage zubar jini, giram 1 ne, cikin awa 3 da haihuwa. Wadda ke kan magneziyam salfet saboda jijjiga, maganin sakin tsoka yakan daɗe a jikinta, kuma kalsiyam gulukonet giram 1, mai karya ƙarfin magneziyam, ya kasance kusa.

Ɗakin zuciya ya fi tsari: kusan kowane haɗari yana da lokacinsa sananne. Ana sa layin jijiyar jini a wuyan hannu kafin barci, domin a ga kowane bugu. A daidaita na'urar awon da tsayin zuciya, don kuskuren santimita 10 yana karkatar da awon jini da kusan maki 7.5. A allon da ke zana bugun zuciya a bar layin II da V5, su ke saurin nuna tsokar zuciya na ƙarancin jini. Maganin barci kaɗan-kaɗan ake ba shi, a jira, domin zuciya mai rauni tana jinkirin kai shi ƙwaƙwalwa, mai gaggawa sai ya ƙara ba bisa buƙata ba. Lokacin tsaga ƙashin ƙirji a dakatar da numfashi huhu ya motse, kada zarto ya taɓa shi. Kafin a huda babbar jijiyar da ke fita daga zuciya a sauke lambar sama ta awon jini zuwa 90 ko 100, gudun kada bangonta ya dare.

Hefarin, maganin hana jini daskarewa, shi ne abin da ba a yafe kuskurensa. Yunit 300 zuwa 400 kan kowane kilo, ta layin babbar jijiyar wuya, a ja jini tukuna a tabbatar layin yana ciki, a faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Bayan mintuna kaɗan a auna ACT, wato lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, yawancin wurare ba sa hawa injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu sai ya wuce daƙiƙa 480. Idan hefarin bai isa ba, jini zai daskare a cikin injin. Wajen sauka daga injin kuwa, ɗumin jiki ya kai digiri 36, fotasiyam ya daidaita, bugu ya zauna, a kunna injin numfashi da ƙararrawar da aka kashe. Mantuwar wannan na ƙarshen ta fi yadda ake zato sauƙi. Furotamin, mai warware aikin hefarin, miligiram 1 kan kowane yunit 100 na hefarin, ba a fara shi sai likita ya ce, kuma a hankali, domin yana iya kayar da jini ko ya matse jijiyoyin huhu.

Tambayar da za ta gwada ɗalibi a fannonin biyu lokaci guda ita ce mai ciki da ƙofar zuciyarta ta maitiral ta tsuke. Jininta ya ƙaru da kusan rabi, bugunta ya ƙaru, ƙofar kuma tana buƙatar bugu mai jinkiri kafin jini ya wuce. Allurar baya ta lokaci ɗaya na iya kayar da ita, don haka efidural, wato maganin da ake ƙarawa sannu a hankali ta siririn bututu a baya, ya fi. Sa'o'in farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari, lokacin da mahaifa ta matse ta mayar da jininta cikin jiki, ruwa ya iya cika huhu.