Yaran shagona

Shagon ɗinkina yana Tudun Wadan Zariya, da yara biyar. Biyu 'yan cikin Birni ne, ɗaya Bayarabe haifaffen Sabon Gari, ɗaya Bajju daga Zonkwa, sai ƙaraminsu mai lalurar ƙafa, wanda na saya wa keken ɗinki na hannu.

Ana saura mako guda Sallah wani Alhaji ya kawo shadda, ya nuna Bayaraben ya ce kada baƙon nan ya taɓa masa. Wallahi raina ya ɓaci. Baƙo? Kakansa aikin reluwe ya kawo shi Zariya tun zamanin Turawa, kuma duk shagon ba wanda ya kai yaron iya aikin wuya.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, shi zai ɗinka." Ya naɗe shaddarsa ya fita. Da yamma yaron ya tambaye ni ko laifi ya yi.