Bayit ɗaya da ya yi yawa

Da safe na tashi da farin ciki, domin ɗan shirin da nake rubutawa da harshen assembly na babbar kwamfutar IBM System/370, wanda nake gwadawa a kan Hercules, manhajar da ke kwaikwayon wannan injin, ya yi aiki daga farko har ƙarshe bai tsaya ba. Har na aika wa Yaya saƙo cewa na kammala.

Bayan la'asar na sake duba sakamakon, sai na tarar kuɗin da na shigar a matsayin 125 ya fito 40125. Na bi ƙwaƙwalwar injin adireshi bayan adireshi har na isa gurbin kuɗin. Bayit uku ne, kowane rabin bayit yana ɗauke da lamba ɗaya, rabin ƙarshe kuma alama ce, C ko D, mai nuna ko adadin yana ƙasa da sifili. Ya kamata in ga 00 12 5C, amma 40 12 5C na gani.

Na kira Yaya. A shirin nawa akwai MVC, umarnin da ke kwafar suna zuwa gurbinsa da ke dab da gurbin kuɗin, da kuma EX, umarnin da ke aiwatar da shi da tsawon da na ajiye a rijista, wato 'yar ma'ajiyar lamba ta cikin injin. Ya ce, "Nawa ka sa a rijista kafin EX ta aiwatar da MVC?" Na ce ashirin, tunda gurbin sunan bayit 20 ne. Ya ce, "To ai 21 ka kwafa, ƙanena. Sha tara za ka sa." Ya tuna mini cewa bit takwas kawai aka ware wa tsawo, wato daga 0 zuwa 255, kuma tunda babu amfanin kwafar bayit sifili, sai 0 ya zama ɗaya, 255 ya zama 256. Idan mutum ya rubuta tsawon a cikin umarnin, assembler, wato manhajar da ke fassara shirin zuwa harshen injin, ke rage masa ɗayan, amma da EX mutumin ne zai rage da kansa. Bayit na 21 ɗin sarari ne, wanda EBCDIC, tsarin haruffan injin, ke rubutawa 40 a ƙirgen sha shida, shi ya tsallaka zuwa gurbin kuɗin da ke maƙwabtaka da na sunan.

Layi ɗaya na BCTR, umarnin da ke rage ɗaya daga rijista, ya gyara komai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun da injin ya yi. Da a kan alamar bayit ɗin ya sauka, da shirin ya tsaya da S0C7, saƙon kuskuren gurɓatacciyar lamba, na gane tun da safe. Amma 4 da 0 lambobi ne karɓaɓɓu, kuma ƙwaƙwalwa ba ta bambanta sarari da kuɗi. Tun 1964 da System/360, magabaciyar System/370, ta fito wannan ƙa'ida take nan, har yau kuma manyan bankuna suna lissafin asusun jama'a a kan injinan da suka gaje ta.

Bayan isha'i na duba sauran wuraren da na yi amfani da EX, na samu ɗaya mai irin wannan kuskuren. Ban gaya wa Yaya ba tukuna.