Yadda ake auna zaɓen sabbin 'yan wasa na ƙungiyar NFL

A ƙarshen Afrilu kowace shekara, ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, suna zaɓar sabbin 'yan wasa daga jami'o'i: zagaye bakwai cikin kwana uku, mutum sama da 250. Kafin gari ya waye masu sharhi sun riga sun raba maki, wannan ta ci, waccan ta faɗi. Abin da makin nan yake aunawa kawai shi ne yadda zaɓen ƙungiya ya yi daidai da jerin sunayen da mai sharhin ya tsara tun da farko. A 2012 an yi wa Seattle Seahawks ca, aka ce ta yi asara. A zaɓen ne ta ɗauki Bobby Wagner a lamba ta 47 a jerin zaɓen da Russell Wilson a ta 75, kuma da su ta ci Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2014.

A ganina ba a yanke hukunci sai an buga kaka uku. Tun 2011 duk wanda aka zaɓa yana samun kwantiragin shekara huɗu, na zagayen farko kuma ƙungiya tana da damar ƙara masa ta biyar, kuma bayan kaka ta uku take yanke wannan shawarar. In ta ƙi ƙarawa, ta faɗi ra'ayinta da aljihunta. Ma'auni mafi ƙarfi shi ne kwantiragi na biyu: mutum nawa cikin waɗanda aka ɗauka suka samu, kuma da wane farashi?

Sai a duba kuɗin da aka biya, domin kowace lamba da darajarta. A tsohon jadawalin darajar lambobi da ake dangantawa da Jimmy Johnson, tsohon kocin Dallas Cowboys, lamba ta 1 maki 3,000 ce, ta 16 maki 1,000, ta 32 kuma 590. Saboda haka ɗan zagayen farko da ya zama matsakaicin ɗan wasa hasara ne, alhali ɗan zagaye na shida da ya shiga cikin 'yan wasa 53 da ƙungiya take riƙewa ya daɗe riba ne.

San Francisco 49ers ta nuna yadda lissafin yake rikicewa. A 2021 ta ba da lambarta ta 12, da zagayen farko na 2022 da na 2023, da wata lamba ta zagaye na uku, don ta hau lamba ta 3 ta ɗauki Trey Lance. Wasa huɗu kacal ta fara da shi, a 2023 ta miƙa shi ga Dallas a kan lambar zagaye na huɗu. A 2022 kuwa ta ɗauki Brock Purdy a lamba ta 262, ta ƙarshe gaba ɗaya, shi ne ya kai ta Super Bowl. Mutane sukan ce Purdy ya goge kuskuren Lance. Bai goge ba. Da ta san abin da zai zama, ba za ta bar shi har 262 ba, kamar yadda New England ba za ta jira 199 ba kafin ta ɗauki shahararren ɗan wasa Tom Brady a 2000. Dole a raba sa'a da iya zaɓe, a kuma lissafa lambobin da aka sadaukar.

Gurbin wasa ma yana da nauyi. Albashin sabon ɗan wasa yana bin lambar da aka ɗauke shi ne, ba gurbinsa ba. Kwatabak (mai jefa ƙwallo da jagorantar hari) ko mai farautar kwatabak suna da tsada a kasuwa, don haka samunsu da albashin sabon shiga yana rage wa ƙungiya kuɗi fiye da samun mai gudu da ƙwallo.

Yawan wasannin da mutum ya fara yana ruɗi, domin ƙungiya mai rauni tana saka sababbi ne don ba ta da wasu. Gara a duba kason lokacin da yake cikin fili da yadda yake yi idan ya haɗu da gwanaye. Wani kuma a makare yake nuna kansa. Trey Hendrickson, wanda New Orleans Saints ta ɗauka a lamba ta 103 a 2017, sai a kakarsa ta huɗu ya yi fice, sannan ya koma Cincinnati a 2021. Masu zaɓen Saints sun cancanci yabo a kansa. Rashin riƙe shi kuwa maganar iyakar albashin da NFL ta ƙayyade wa kowace ƙungiya ce, a can ya kamata a lissafa ta.