Sifili ɗaya da ya ɓace a na'urar POS

Mayar da kuɗin bai ba ni wahala ba. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hannun da suka faɗa.

Ana gab da fara azumi na shiga wani babban shagon kayan masarufi a wajen Ƙofar Ƙaura, na haɗa sukari da madara da taliya da man gyaɗa. Lissafi ya kama naira 48,500. Layi ya yi tsawo, mutane na ta ƙorafi, kashiya kuwa wani yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, gumi na zubo masa. Ya karɓi kati, na danna lambar sirri, takarda ta fito, ya cusa ta cikin leda. Sai bayan isha'i alat ya shigo: naira 4,850 aka cire. Yaro ya ci sifili ɗaya, na tashi da kayan naira 43,650 a ɓagas.

Da na ba da labari a majalisa, nan take aka halatta mini kuɗin da baki. Wani ya ce tsintar dami a kala na yi. Wani ya ce ai masu shagunan nan kullum yankar mu suke yi a farashi, yau Allah ya rama mini. Ni dai ban ga tsintuwa a nan ba. Tsintuwa ita ce wadda ba ka san mai ita ba, ita ma sai ka yi cigiya shekara guda. Wannan kuwa ga sunan shagon a jikin rasit. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gindaya yarda a ciniki, kuma babu wanda ya yarda ya sayar mini da jarkar mai a kuɗin lemo. Mai batun ramuwa shi ma hadisi ya rufe masa baki, tunda an ce kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka.

Amma abin da ya hana ni barci lissafin rufe shago ne. Duk wanda ya taɓa tsaron kanti ya san da dare ake haɗa abin da kwamfuta ta ce an sayar da abin da ya shiga POS da abin da ke cikin durowa. In aka samu giɓi, ba aljihun Alhaji ake dubawa ba, albashin wanda ya zauna a teburin ake bi. Mafi ƙarancin albashi a dokar 2024 naira 70,000 ne, kuma yaran shaguna da yawa ba sa ganin ko wannan. Ka cire 43,650, ka gaya mini da me zai shiga azumi.

Washegari da hantsi na koma. Yaron ba ya nan, wai sai yamma. Manaja ya tarbe ni da fara'a, ya yi ta sa albarka.

"Kai, Malam, irinku sun yi ƙaranci a zamanin nan. Kawo nan, zan daidaita."

Ya ce na'ura ba sabis, in ba shi tsaba. Na fita wajen mai POS na bakin titi, na ciro, har da biyan caji daga aljihuna, na ƙirga masa a hannu. Babu rasit, babu shaida, sai godiya mai yawa.

Ana tsakiyar azumi na ci karo da yaron a bakin masallaci bayan la'asar. Na ce masa, "Samari, hankali ya kwanta ko?" Ya dube ni bai gane ba. Da na tuna masa sai ya sunkuyar da kai.

"Baba, ai an cire. Rabi wannan watan, rabi wata mai zuwa. Ba wanda ya ce mini an dawo da komai."

Ban san lokacin da na hau mashin ba. Manaja ya fara da cewa lissafin wata ya riga ya rufe, da ya ga ban motsa ba ya koma cewa horo ne, don yaro ya riƙa lura. Horo! Wato shago ya karɓi kuɗin kaya ɗaya sau biyu, ɗaya daga hannuna, ɗaya daga gumin yaro, a kira shi tarbiyya. Na ce mai shago nake son gani. Da Alhaji ya zo, ashe labarin giɓin ya sani, labarin dawowar kuɗin ne bai kai kunnensa ba. Ba zan ɗora wa kowa sata da bakin azumi ba, amma na ga yadda manajan ya kasa haɗa ido da kowa. Abin da ya cece ni alat ɗin cirar kuɗin da ke wayata, mai kwanan wata da adadi.

Don haka in irin wannan ta same ka, nemi wanda ya yi kuskuren da kansa, ko da za ka jira shi har yamma. Ja shi gefe, kada ka ɗaga murya a gaban layi kana neman a yaba maka, don yabon naka zai iya zama takardar sallamarsa. Tambaye shi ko an riga an rubuta masa giɓin. Biya ta na'ura ko ta tura kuɗi zuwa asusun shagon, ka karɓi rasit, ka ba shi ya ɗauki hotonsa. In an ce babu sabis, ka ce za ka dawo. Tsabar kuɗi a hannun mutum na uku ba ta da baki.

An mayar wa yaron abin da aka cire. Amma an ɗauke shi daga teburin kuɗi an kai shi sito yana sauke katan-katan, manajan kuma yana nan a kujerarsa. Duk ranar da na shiga yakan miƙe ya gaishe ni da "Malam mai gaskiya", ni kuma in amsa a taƙaice in nemi rasit.