Ba kowane ƙulli a hanta ne tarin fuka ba

Takardar da aka turo ta da ita layi ɗaya ce: ciwon hanta, a duba. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ta rame, ga kasala, ga ƙaiƙayi har ta yi wa damatsanta sawun farce. Idonta bai nuna shawara ba. Gwajin ciwon hanta nau'in B da C, wanda shi kowa ke fara zargi a wajenmu, ya fito ba komai.

Sakamakon jininta ne ya tsayar da ni. A cikin sinadaran da ake aunawa a jini don duba lafiyar hanta, ALP ya ninka kusan sau uku, GGT ma ya hau, amma ALT da ƙyar ya motsa. Wannan na nuna matsalar tana wajen ƙananan hanyoyin ruwan matsarmama, ba a tsokar hantar kanta ba. Sikanin ya nuna hanta da saifa sun ɗan girma, babu tsakuwa, babu toshewa.

Sai na tambaye ta, "Hajiya, kina tari?" Ta ce busasshe ne, ya daɗe, har ta saba da shi. Hoton ƙirji ya nuna kaluluwa sun kumbura a gindin huhu, dama da hagu daidai wa daida. A nan sunan sakoyidosis ya faɗo mini.

Tunaninta ba wuya, tabbatar da ita ne aiki. Cuta ce da garkuwar jiki ke tara ƙwayoyinta su dunƙule su zama ƙananan ƙulle-ƙulle a huhu, fata, ido ko hanta, kuma har yau ba a gano musabbabinta ba. Babu gwajin jini ɗaya da ke kama ta. Na wani sinadarin jini mai suna ACE da ake yawan ambata yana iya fitowa daidai ga mai cutar, ya kuma hau ga wanda ba shi da ita, don haka ban sa mijinta ya kashe kuɗinsa a kai ba. Kalsiyam ɗinta dai ya ɗan haura, abin da ya ƙara mini zato.

Tarin fuka, wato tibi, shi ne babban abin da ya kamata a kora, domin shi ma yana haddasa irin ƙulle-ƙullen nan. Gwajin kaki na GeneXpert bai ga komai ba, HIV ma babu. Wani abokin aiki ya ce a ɗora ta a kan maganin tibi na wata 6 a gani. Na ƙi, domin uku daga cikin magunguna huɗun da ake bayarwa, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, suna iya taɓa hanta. Haka kuma ban yi gaggawar ba ta prednisolone, maganin da ke danne garkuwar jiki, ba, don in tibi ce ke ɓoye, zuba mata fetur ke nan.

Muka ɗebi ɗan tsokar hanta da allura. Kafin a duba, na je da ƙafata wajen likitan da ke karanta tsoka na ba shi labarinta duka, har da cewa ba ta taɓa aikin fadama ko wanka a rafi ba, saboda ƙwan tsargiyar hanji ma yana haddasa irin ƙullin nan. Ya ga ƙulle-ƙullen, tsakiyarsu ba ta ruɓe ta zama kamar cuku ba yadda na tibi ke yi. Ya rina tsokar ya nemi ƙwayar tibi da ta naman gwari, bai samu ba. Wani gwajin jini mai suna AMA bai nuna alamar wata cutar hanyoyin matsarmama mai kama da sakoyidosis ba, na kuma bi magungunan da ta sha ɗaya bayan ɗaya, har da na gargajiya.

"Likita, kansa ce?" mijin ya tambaya. Na ce a'a, Alhaji, sakoyidosis ce. Da yawa masu ita a hanta ba sa ma buƙatar magani, sa ido kawai ake yi. Ita saboda ƙaiƙayi da ramar, na fara mata ursodeoxycholic acid, maganin da ke taimaka wa gudanar ruwan matsarmama, da prednisolone, na tura ta a duba idonta da bugun zuciyarta, domin can ne cutar ke ɓarna ba tare da ta yi sallama ba.