Hasken da ya dallare na'urori

Jiya barci ya ƙi zuwa, na ɓige da karanta labarin fashewar hasken gamma (wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani) ta ranar 9 ga Oktoba, 2022. Wani ƙaton tauraro ne ya mutu, haskensa ya yi tafiyar shekara kusan biliyan 2 kafin ya iso, amma duk da haka sai da ya dallare na'urorin kumbon Fermi na NASA. Ikon Allah!

Ni gaggawar ce ta burge ni. Kumbon Swift na gano wurin, saƙo ya bazu, manyan madubban hangen taurari na Chile suka juya can tun hasken bai dushe ba. Bayan kusan wata shida madubin James Webb da ke sararin samaniya ya leƙa, ashe tarwatsewar tauraron kanta ba ta fi ta sauran irinsa haske ba.