Abin da wasannin dabarun yaƙi na na'urar hannu suka koya mini

Aikin kammala karatuna a sashen kimiyyar kwamfuta shi ne gina ƙaramin wasan dabarun yaƙi wanda ake bugawa bi da bi a waya. Kafin malamin da ke duba aikin ya amince in fara rubuta manhaja, sai da ya umarce ni in zauna in yi nazarin irin waɗannan wasanni da aka yi wa ƙananan na'urorin hannu, wato Game Boy Advance da PSP da Nintendo 3DS. Hujjarsa ita ce matsalar mai gina wasan waya a yau ɗaya take da ta waɗanda suka yi aiki a kan waɗancan na'urori: allo ƙarami ne, maɓallai ba su da yawa, baturi yana ƙarewa, kuma ana iya kiran mai wasan a kowane lokaci ya ajiye na'urar ya tashi.

Ga wanda bai san irin wannan wasa ba, tsarinsa bai yi nisa da dara ba. Filin daga a raba yake gida-gida, kai ka motsa mutanenka, abokin gaba ya motsa nasa, kuma babu wanda ke gaggauta ka. Bambancin shi ne 'ya'yan dara duk ɗaya suke, idan aka ci ɗaya ba ka jin komai sai ragin adadi, amma a nan kowane mayaƙi yana da suna da fuska da labari, yana ƙara ƙarfi daga yaƙi zuwa yaƙi, kuma yana da aikin da ya fi kowa iyawa. Akwai mai takobi, akwai barde a kan doki, akwai maharbi, akwai mai sulke wanda ba ya sauri amma sara ba ya shigarsa, akwai kuma mai magani wadda ba ta iya kare kanta ko kaɗan. Daɗin wasan da wahalarsa duk daga wannan haɗi suka fito, domin ana neman ka yi lissafi da kwanciyar hankali a kan mutanen da aka sa ka ƙaunace su.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Fire Emblem, na kamfanin Intelligent Systems da Nintendo. Na farko ya fito a Japan a 1990, amma sai a 2003 aka fitar da ɗaya daga cikin jerin zuwa ƙasashen waje, a kan Game Boy Advance, na'urar da allonta ɗigo 240 ne a kwance, 160 a tsaye. Abin da suka iya cusawa cikin wannan ɗan fili ya ba ni mamaki. Da zarar ka ɗora alama a kan mayaƙinka, gidajen da zai iya takawa sai su koma shuɗaye, waɗanda makaminsa zai kai kuma su koma jajaye. Idan ka matsar da shi kusa da abokin gaba ka zaɓi makami, kafin ka danna maɓallin ƙarshe wani ɗan akwati zai bayyana ya nuna maka jinin kowa, wato ragowar lafiyarsa, ɓarnar da kowa zai yi wa ɗan'uwansa, yiwuwar saran ya samu cikin ɗari, da yiwuwar mugun sara mai ninka ɓarna sau uku. Idan saurinka ya fi nasa da maki huɗu, za ka ga alamar cewa sau biyu za ka kai hari. Takobi yana rinjayar gatari, gatari yana rinjayar mashi, mashi yana rinjayar takobi, kuma wanda ya tsaya cikin kurmi ya fi wuyar samu. Makamin ma yana ƙarewa, domin takobin ƙarfe sau 46 kawai ake sara da shi ya karye.

Darasi mafi girma da na ɗauka daga nan shi ne mutum yana jure wahala matuƙar an nuna masa komai kafin ya yanke shawara. Idan maharbi ya kakkaɓo mini mahayiyar doki mai fukafukai, ba na jin an zalunce ni, saboda da na ɗora alama a kan maharbin nan tun farko, da na ga jajayen gidajen da kibiyarsa ke kaiwa. Wannan ya sauya yadda na tsara aikina gaba ɗaya. Lissafin gidajen da mayaƙi zai iya kaiwa ba shi da wuya a fannin manhaja, tsarin Dijkstra ne na nemo hanya mafi gajarta, da aka wallafa tun 1959, wanda muka karanta a aji, sai dai a nan kowane irin wuri yana da kuɗin takawa, fili ɗaya, kurmi biyu, dutse fiye da haka, doki kuma yana shan wahala inda mai ƙafa ke wucewa. Rubuta wannan bai ɗauke ni lokaci ba. Abin da ya ci mini makonni shi ne yadda zan nuna sakamakon lissafin a ƙaramin allo ba tare da na rufe filin dagar ba, kuma ta yadda wanda bai taɓa ganin wasan ba zai gane abin da launukan ke nufi.

Akwai wani abu kuma da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, wanda ya shafi gaskiyar lambobin da ake nuna wa mai wasa. A wasannin Fire Emblem na Game Boy Advance, idan akwatin ya ce yiwuwar saranka 80 ne cikin ɗari, na'urar ba lamba ɗaya take jefawa ba. Lambobi biyu take zaɓa tsakanin 0 da 99, ta haɗa su ta raba biyu, sannan ta gwada sakamakon da abin da aka rubuta. Tun da matsakaicin lambobi biyu ya fi yawan faɗawa tsakiya, 80 ɗin nan a zahiri ya kai wajen 92, shi kuwa 30 bai wuce wajen 18 ba. Mutanen mai wasa su ne galibi ke da manyan lambobi, abokan gaba kuma ƙanana, saboda haka wannan ɓoyayyen tsari mai wasa yake taimako ba tare da ya sani ba.

Da farko na ɗauki hakan a matsayin saɓa wa ƙa'idar nuna komai, har na kai maganar gaban malamina. Na ce, "Malam, ashe wannan ba yaudara ba ce?" Bai ba ni amsa kai tsaye ba, sai ya ce in gwada hanyoyin biyu a kan abokan karatuna in ga abin da zai faru. Na ba wasu wasan da ke jefa lamba ɗaya tsantsa, wasu kuma mai lambobi biyu. Waɗanda suka buga na gaskiya tsantsa su ne suka riƙa kawo ƙara cewa manhajar ta lalace, domin sun ga 80 amma sun kuskure sau biyu a jere, alhali kuskure ɗaya cikin biyar shi ne ainihin ma'anar 80, kuma dukansu sun ci jarrabawar lissafin yiwuwa. Zuciyar mutum tana karanta 80 a matsayin "kusan tabbas", ko da kansa ya san ba haka ba ne. Duk da na fahimci dalilin masu Fire Emblem, kuma na yarda ba da mugun nufi suka yi ba, a nawa wasan na zaɓi in yi amfani da lambobi biyun amma in rubuta ainihin sakamakon a allo, wato in nuna 92 maimakon 80. Ina ganin wanda ya amince da lambar da na ba shi har ya jefa ran mayaƙinsa a kanta ya cancanci a faɗa masa ta gaskiya.

Maganar rai kuwa ita ce ƙashin bayan wahalar. A tsoffin wasannin Fire Emblem, mayaƙin da ya faɗi a daga ya tafi ke nan har ƙarshen wasan, tare da duk gogewar da ka tara masa da duk hirar da zai yi a gaba. Na Game Boy Advance ma suna adana matsayinka da kansu bayan kowane motsi, don haka kashe na'ura da kunnawa ba ya dawo da matacce, sai dai ka koma farkon babin, ka sake yaƙin da watakila ya ci maka sa'a guda. Nan ne ake gane halin mai wasa. Wani yakan haƙura ya ci gaba da rashin, wani kuma ba zai iya barin ko mutum ɗaya a baya ba. Akwai kuma tarko mai hikima a farkon wasan: ana ba ka gogaggen barde kamar Marcus wanda ke share abokan gaba shi kaɗai, amma duk wanda ya kashe, ya hana matasan rundunar makin gogewar da za su girma da shi. Wanda ya jingina da shi kacokan yakan isa tsakiyar wasan da runduna marar ƙarfi. Wannan tunani na yau da gobe a lokaci guda shi ne abin da na fi sha'awa a wannan fanni, kuma shi ne ya fi wuyar ginawa.

Ba kowace wahala ce ke da adalci ba, kuma na ga misalinta a wasan da nake girmamawa ƙwarai. Final Fantasy Tactics ya fito a PlayStation a 1997, aka sake fitar da shi a PSP a 2007. A ƙarshen babi na uku, a ganuwar Riovanes, yaƙe-yaƙe suna zuwa a jere, wasan yana tambayarka ko za ka adana a tsakaninsu, sannan ya jefa jarumin, Ramza, shi kaɗai gaban wani ƙaƙƙarfan abokin gaba mai suna Wiegraf. Wanda ya adana a kan ajiyarsa guda ɗaya, kuma Ramza ɗinsa bai shirya wa irin wannan karo ba, ba shi da hanyar komawa ya ƙara ƙarfi, kuma mutane da yawa sun sake wasan daga farko saboda haka. Laifin a nan ba na mai wasa ba ne, domin ba a gaya masa ƙofa za ta rufe a bayansa ba. Final Fantasy Tactics Advance na 2003 ya zo da alƙalai masu kafa doka a kowane yaƙi, yau a hana takobi, gobe a hana wuta, wanda ya karya a ba shi katin gargaɗi ko jan kati har ya tafi kurkuku. Dokokin a rubuce suke, amma sai ka shiga wani shafi ka duba, kuma wanda ya ajiye na'ura ya dawo bayan sa'o'i yakan manta. Bayanin da ba ya gaban ido a lokacin yanke shawara amfaninsa kaɗan ne.

Masu yin wasannin sun gane cewa tsananin yana korar mutane, sai suka fara sassautawa. Tactics Ogre na Yasumi Matsuno, wanda ya fito a 1995 aka sabunta shi a PSP a 2010, ya ba mai wasa damar mayar da yaƙi baya har motsi 50. Fire Emblem Awakening na 3DS, a 2012, ya bar mutum ya zaɓi ko matattu su dawo bayan yaƙi, kuma wannan wasan ne ya ceci jerin a lokacin da ake shirin dakatar da shi idan bai samu kasuwa ba. Tsoffin 'yan wasa da dama sun ƙi wannan sauyi. Ni ina ganin mayar da motsi baya ya fi dawo da matattu ma'ana, domin na farko yana barin ka ga inda shirinka ya karkace ka gyara shi da hannunka, na biyu kuwa yana cire dalilin yin shirin tun asali. Tactics Ogre ya nuna cewa nauyi yana iya zama a wani wuri dabam, tun da a ƙarshen babinsa na farko ana tambayarka ko za ka sa hannu a kashe mutanen garin Balmamusa don a ɗora wa abokan gaba laifin, kuma amsarka ce ke raba hanyar labarin da abokan da za su bi ka.

Dacewar waɗannan wasanni da na'urar hannu a fili take, domin wasan da ake yi bi da bi yana jira, ba ya buƙatar intanet, kuma ɗauke wuta ba ya katse shi. Abin da gwajina ya nuna shi ne katsewar tana da tsada ta wata fuska. Abokaina da suka ajiye waya a tsakiyar yaƙi suka tafi lacca sukan dawo sun manta dalilin da ya sa suka tsayar da mai sulke a bakin gada, sai su matsar da shi, abokan gaba su kwararo kan mai magani. Saboda haka na rage girman taswirorina yadda yaƙi ɗaya ba zai wuce kwata na sa'a ba, na sa maɓalli guda da ke nuna duk gidajen da abokan gaba ke iya kai wa hari, na kuma sa wasan ya maimaita zagayen ƙarshe a takaice duk lokacin da aka sake buɗe shi. Mutuwa ta dindindin na bar ta yadda take, tare da damar mayar da motsi baya sau uku a kowane yaƙi. Ranar kare aikin, yawancin tambayoyin malamai a kan waɗannan shawarwari suka tsaya, musamman dalilin da ya sa na tsaya a uku, na kuwa bayyana musu cewa da na ba masu gwaji dama marar iyaka, sun daina duba akwatin lissafi kafin su kai hari.